Ciyawar Ƙarƙashin Ma'auni

Tun da aka kafa dokar zafi, kowane gari yana da ma'auni a kan turke, idonsa na kallon ƙasa yana auna zafinta. In zafin ya kai hamsin sai jiniya ta yi kuka, kowa ya bar gona ya shiga inuwa.

Tabawa, ma'aikaciyar hukumar awo, ta iso Gidan Maje da hantsi, riƙe da baƙin akwatin da ake gwada ma'aunai da shi. Sau uku ta gwada. Ma'aunin lafiyarsa ƙalau, amma wata biyu ke nan jiniyarsa ba ta yi kuka ba.

Sai ta duba ƙasa. Daidai inda idon yake kallo, ciyawa ce kore shar, faɗin faifai, ita kaɗai a garin.

Malam Ilu, sarkin noma, yana tsaye da buta a hannu. Bai ɓoye ta ba.

"Baba, ku ne kuke jiƙa wurin nan?"

"Mu ne, 'yata. In mun biye wa jiniya, gero ba zai shigo gida ba."

"Mutum nawa suka faɗi a gona?"

"Uku. Na ukun ƙanena ne."

Tabawa ta juya idon ma'aunin zuwa busasshiyar ƙasa, ta ɗaure shi tamau. Ko kayanta ba ta gama haɗawa ba, jiniya ta ɗauka. Mutane suka fara fitowa daga gonaki da fartanya a kafaɗa, ba mai kallonta.

Malam Ilu ya durƙusa, ya juye butar a kan ciyawar.

"Ai ita ba ta yi laifin komai ba," in ji shi.