Ƙyallen da aka haska majigi

La'asar ce, kashegarin zuwan masu majigi Dungas. Sun nuna yadda sojoji suka harbe wasu da suka yi garkuwa da jirgin sama. Manya sai yabo suke, mu ƴan shekara goma sha uku an kore mu, wai jinin ya yi mana yawa.

Na tarar da kakata a bayan ɗaki ta ɗaga wani farin yadi tana duba shi a rana. Ashe allon masu majigin ne ya yage, kawuna ya buɗe adakarta ya ɗauko musu wannan, bai tambaya ba. Likkafaninta ne, da ta saya ta ajiye.

"Zo nan, maigida, idonka ya fi nawa," in ji ta. "Duba mini inda harsashin ya huda."

Na duba. Fari tas, sai ƙamshin turaren adaka.

"Babu komai, Kaka."

Ta ninke shi a hankali. "Akwai. Mutane sun riga ni mutuwa a cikinsa."

A cikinsa muka naɗe ta. Yau in jikokina suka kunna harbe-harbe a talabijin, wannan ƙamshin nake ji.