Layar Inna a Gaban Mota

Ina 'yar shekara tara, muna dawowa daga kasuwar Yankara da la'asar, motar Baba ta fara ƙwal-ƙwal daga gaba. Fasinjoji suka rantse taya ce za ta fita. Baba ya tsaya, ya ɗora tafina kan tayar, ya girgiza ta.

"Mi kika ji?"

"Ba komai, Baba."

"To, ba ita ba ce."

Ya shiga ƙarƙashi, na durƙusa ina leƙe. Ashe laya ce cikin gwangwanin madara, mahaifiyarsa Inna ta sa aka ɗaure a ɓoye, igiyar ta saki. Ya ɗaure ta tam, ya fito ya ce wa fasinjoji, "Noti ne."

Har Inna ta rasu bai nuna mata ya gani ba. Ni ma sai yau bakina ya buɗe.