Hutun Kwandasta

A Gidan Hutun Tsofaffi, na'ura ke auna jikin mutum, ta zaɓa masa nishaɗin da ya dace da shi. Ɗanlami, tsohon kwandasta, ya zo da burin kujera mai laushi. Sai wata ma'aikaciya ta nuna masa ƙofar bas, kafe a lambu.

"Haba 'yata! Wancan mai minshari a kushin fa?"

"Darakta ne, Baba," in ji ma'aikaciyar. "Haka jikinsa ya saba."

Ɗanlami ya cafki ƙofar zai tumɓuke ta, sai ƙafarsa ta haye da kanta, ciwon baya ya ɗauke cak. Ya dubi tsofaffin da ke jiran awo, bakinsa ya suɓuce:

"Saura mutum ɗaya!"

Duk suka yar da sanduna, suka rugo.