Sifanar Barau

Tun da aka kafa dokar, motar da ta nuna lambar matsala ba ta tashi sai kamfani ya goge lambar. Ran Talata motar Laure ta nuna lambar, ga mahaifiyarta kwance a baya, za a kai ta wankin ƙoda.

Barau, tsohon bakanike, ya leƙa inji. "Solinoyid ɗin da ke tayar da inji ne ya maƙale, 'yata. A da ƙwanƙwasa shi kawai muke yi."

"To ƙwanƙwasa mana, Baba!"

"Yanzu in na taɓa, motar ta kulle kanta ke nan."

Allon motar ya ce mutum dubu huɗu ne a gabansu a layin kamfani.

Tsohuwar ta yi nishi. Kafin Barau ya ankara, hannunsa ya kai sifana wurin, yadda ya saba shekara arba'in.

Allon ya ɗauke. Ƙofofi suka kulle, tsohuwar na ciki.