Tarwaɗa a Ƙarƙashin Gado

Ranar da sabuwar na'urar wasan ta iso Guri a kwale-kwale, ambaliya ta kai mana gwiwa har cikin ɗaka. Jikana, masuncin da ya rataye komarsa ta kamun kifi wata shida yana jiran fitowarta, ya ɗane gado ya kunna.

"Kaka, ruwan cikinta kamar na gaske! Har kifi ake kamawa!"

"Madalla, maigidan. Tukunya dai tun jiya take hamma, ba kowa a ciki."

Har la'asar yana dannawa, ko karfasa ɗaya bai kamo a wasan ba. Can na ji abu ya goge mini ƙafa. Na kifa kwando, sai ga tarwaɗa kamar cinyata!

Ko ɗagowa bai yi ba.

"Haba Kaka, daina motsi mana! Kina korar mini kifi."