Jar Kwalbar Usta Jimet

Motar fasinjan da nake tuƙawa ta yi tari ta mutu a tsakiyar rairayi. Garin Faya da sauran nisa, ruwan shanmu ya ƙare. Man gas ɗin da muka sha a hanya ashe da ruwa a ciki.

"Usta direba, ka kashe mu!" in ji wata fasinja. Jaririnta ko kuka ya daina.

Bishara makanike ya wanke filta, ya gwada, shiru. "Mu zuba kananzir," ya ce.

Na ce, "Kananzir? Fitila ka gani?"

Ni Jimet ban yi boko ba, ba ruwana da rubutun jikin kwalba. Maganin gas da launi nake zaɓensa, kuma jar kwalba ba ta taɓa ba ni kunya ba. Iska tana watso yashi, na ja rawani na toshe hanci, na lalubo ta a jakata, na juye duka a tanki.

"In ba ta tashi ba fa, Usta?" in ji Bishara.

"Sai ka fara haƙa mana kabari."

Na murza makulli, ta yi gurnani ta yi shiru. Na sake. Ta tashi!

Muka shiga Faya, jariri da ransa. 'Yata Hawaye ta tare ni, ta hau zazzage jakata.

"Baba, ina humrar da Inna ta ɗura mini a jar kwalbarka?"

Ashe shi ya sa matan cikin motar suka yi ta shinshinar hayaƙin suna guɗa. To ku nemo mini wani direban da ya ƙetare Sahara da turaren amare!