Kyamarar Auren Seini

Kwana da kwanaki zancen kyamara ya hana ni sakat, kamar ba ni da sauran aikin biki a gabana. 'Yata Seini za ta yi aure ranar Asabar a cocinmu na unguwar Granville, a nan ƙasar wajen da muke zaune, kuma ta ce ba ta son mai hoton haya. A auren 'yar ƙanwata, wanda aka ɗauko ya ɓuge da ɗaukar furanni da takalmin amarya, ya bar tsofaffi da tabarmin da aka yi shekaru ana saƙawa. Mahaifiyata kuwa tana can ƙasarmu Tonga, ciwon ƙafa ya hana ta hawa jirgi, a hoto kawai za ta ga auren jikarta. Sai muka yanke ni zan sayi kyamara, ƙanena ya ɗauki hotunan, in an gama a sa kyamarar cikin kayan da amarya za ta tafi da su gidan miji. Tun tana makaranta Seini take mafarkin samun tata.

To ni ina na san kyamara? Ga girki a kaina, ga aladun gashi da ba a kawo ba, ga fargabar fahu ɗin ango, wato babbar yayar ubansa, da aka ce ta sauka daga tsibirin Ha'apai na can Tonga. A wurinmu duk abin da ya shiga gidan ɗan ƙaninta, in ta ɗora hannu a kai ya zama nata, ba mai cewa uffan. Ban taɓa ganinta ba, amma na ware mata tabarmar da ta fi laushi.

Angon ne, Fineasi, ya kwatanta mini wani shago a unguwar Parramatta. Har ya tambaye ni yaushe zan je. Yaron akwai ladabi.

Mai shagon ya jera mini kyamarori yana ta zuba lambobi da Turanci, ina gyaɗa kai, zufa na bin bayana. Ina shirin nuna wadda ta fi girma in huta, sai na ji an ce da harshenmu, "Ƙanwata, wannan in kin saya sai kin haɗa da ɗan dako."

Wata 'yar tsohuwa ce, gajera, da tabarmar ado ɗaure a ƙugunta da lema a hannu. Daɗin jin harshen gida ya sa na zazzage mata damuwata gaba ɗaya. Ta rataye lemar a jikin teburi, ta sa aka fito mata da ƙanana. Ta riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya tana auna nauyinsu a tafinta, ta mayar da wadda maɓallanta suka yi ƙanƙanta, wai idon tsufa ba ya son wahala. Na ce ai ƙanena ne zai riƙe, kuma idonsa garau. Ta ce shi ma tsufan na nan tafe.

Da aka zo kan gilashin da ake ɗaurawa a bakin kyamara, ta ce biyu zan saya. Na farko mai faɗi, mai shan haske, saboda cocinmu duhu gare shi ta wajen mawaƙa. Gaskiyarta kuwa.

"Kuma kin san mazanmu," in ji ta. "In shida suka jeru, na gefe da gefe a wajen hoton za su kwana."

Na yi dariya har da hawaye. Na biyu kuma dogo, mai jawo nesa kusa, don a kama fuskar amarya ba tare da mai hoto ya tsaya ƙiƙam a gaban manya ba. Ta ce da shi daga ƙofar gida sai in ga wanda ke cikin jirgin ruwa tun bai iso gaɓa ba. Na ce gidana tashar mota yake kallo, Mama. Ta ce ba a san gobe ba. Ta kuma nace a ba ni wadda iskar gishiri ba ta ci, da batir biyu, saboda akwai wuraren da wuta ba ta zama.

Da na biya, ita ta rataya kyamarar a wuyanta ta gyara tsawon igiyar, sannan ta miƙo mini ta ce in gwada a kanta. Ta gyara zaman tabarmar ƙugunta, ta yi murmushi, na danna. Hoton ya fito tas, har gibin haƙorinta. Na rungume ta, na ce Allah ne ya turo ta, kuma lallai ta zo bikin ranar Asabar. Ta ce ko ban gayyace ta ba za ta zo.

Na koma gida da rawar jiki. Igiyar ta yi mini kaɗan a wuya, amma ban damu ba. Seini ta yi tsalle, ta sumbace ni, ta kunna kyamarar tana shafa ta kamar jaririya. Can sai ta ci karo da hoton da na ɗauka a shagon. Ta ƙura wa ɗan allon ido, ta zauna a hankali a kan buhun doya.

"Mama, a ina kika samu wannan hoton?"

Yanzu biki saura kwana biyu, kayan amarya suna ɗaure a falo, ni kuma kwalin kyamarar yana kan cinyata na kasa sa shi a ciki, na kasa ɓoye shi. Don Allah ku faɗa mini yadda zan yi, domin tsohuwar da ta auna kyamarar a tafinta, ta gyara igiyar daidai wuyanta, Seini ta ce ita ce fahu ɗin Fineasi, kuma gidanta a Ha'apai teku yake kallo.